Tafiyar bayan Asuba: yadda na koyi zama da ciwon suga

Ni tela ne, mazaunin Gwale a cikin birnin Kano, kuma tun ina makarantar allo aka kai ni koyon ɗinki. Masu kawo min aiki sukan ga an miƙo min lemon kwalba na ce alhamdu lillahi, sai su tambayi dalili. Ina fara bayani wani zai shigo karɓar kayansa, magana ta yanke. Shi ya sa na zauna na rubuta labarin gaba ɗaya, ko Allah zai sa ya isa ga mai buƙatarsa.

Wanda bai san ɗinki ba yana ganin aiki ne mai sauƙi, tunda a inuwa ake yin sa. Amma zama ne daga hantsi har dare. Da can keken ƙafa ne, ana ɗan motsa gwiwa. Da muka koma na lantarki sai ya zama tafin ƙafa kaɗai ke aiki. Karin kumallo shayi ne mai kauri da burodi a wurin mai shayin bakin layi, suga cokali uku ko huɗu. Da rana shinkafa da mai da yaji ko taliya, a kora da lemo mai sanyi. Da dare tuwon shinkafa, sau da yawa sai bayan ƙarfe goma. Idan Sallah ta ƙarato kuwa babu dare babu rana, duk sa'ad da aka kawo wuta a lokacin ake aiki. Haka na tarar da maigidana yana yi, haka duk telolin da na sani suke yi, kuma ban taɓa jin wani ya ce wannan hanyar ciwo ce ba.

A ƙarshen 2018 jikina ya fara canzawa. Ana cikin hunturu, kowa na gudun ruwan sanyi, ni kuwa ƙishirwa ba ta barina. Cikin dare in tashi fitsari, in koma, in sake tashi. Wandunan da na ɗinka wa kaina suka fara zamewa. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne zura zare a allura: idon da ya yi shekaru yana yin wannan ba da tunani ba, sai ga shi yana ganin hazo. Wani ya ce shawara ce, wani ya ce basir, wani ma ya rage murya ya ce in nemi tsari, sammu ne. Maman yara ce ta lura tururuwa na taruwa a makewayi bayan na fito. Ita ta tsaya kai da fata sai na je asibiti.

Likitan ya ce wanda ya kwana bai ci komai ba, idan aka auna jininsa aka ga 126 ko sama, kuma aka maimaita aka sake gani, to ciwon suga ne. Nawa ya haura 250. Ya rubuta min metformin, ya ce a sha tare da abinci, sannan ya ajiye biro ya dube ni.

"Malam, wannan ba zazzaɓi ba ne da za a sha magani kwana uku a manta. Zama za ka yi da shi. Ƙwaya za ta yi nata aikin, sauran yana ƙafarka da kwanonka."

A bencin jira ranar nan na zauna kusa da wani bawan Allah da aka yanke wa ƙafa daga ƙasan gwiwa. Ya ce ƙusa ya taka bai ji ba. Na koma gida da tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, kuma tsoron nan ya yi min aiki: na bar suga, na bar shinkafa, na bar burodi, duk a rana ɗaya. Sai magani ya fara aiki, ƙishirwa ta tafi, ido ya washe, tsoron ma ya bi su ya tafi. A nan na fahimci wani abu game da wannan ciwo da ya kamata a riƙa faɗa wa kowa tun ranar farko. Lokacin da ka fi jin sauƙi shi ne lokacin da ya fi haɗari, domin abin da ke tura ka ya kwanta, ciwon kuwa bai kwanta ba. Duk ranar ganin likita labarin da nake ji a benci iri ɗaya ne. Kowa ya fara da zafi, wannan ya sayi keken motsa jiki, wancan ya yi rajista a wurin ɗaga ƙarfe, bayan wata biyu an koma gidan jiya. Ba ragwaye ba ne. Akwai 'yan kasuwar da suka tara dukiya da guminsu, akwai matan da suka reni 'ya'ya goma. Abin da suka ɗauko ne ba shi da wurin zama a cikin yininsu.

A masallacin unguwarmu akwai wani dattijo, tsohon malamin firamare, kowa Baba yake ce masa. Ya daɗe da hawan jini, amma tafiyarsa ta fi ta samari. Wata rana bayan Magariba na kai masa kukana. Ya saurara har na gama, sannan ya ce:

"Ɗana, wane abu ne kake yi kullum, ko kana so ko ba ka so, ko ana ruwa ko ana sanyi, ba sai an tuna maka ba?"

Na ce, "Salla, Baba."

Ya ce, "To a nan za ka rataye shi. Gobe ka taho Asuba da takalmin tafiya a leda. Idan an idar kada ka shiga gida. In ka shiga, katifa ta fi ni baki."

Ya kawo min hadisin nan na Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, wanda yake cikin Buhari da Muslim, cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Na san hadisin tun ina Islamiyya, amma a kan nafila da karatu kaɗai nake jin sa. Ban taɓa kawo shi kusa da lafiyar jiki ba.

Washegari muka fita. Na ɗaura ɗamarar tafiya mai nisa, sai muka je Ƙofar Na'isa kawai Baba ya juya. Na ce ai ban ma yi gumi ba. Ya ce ba gumi muka fito nema ba, gobe muka fito nema. Ya hana ni ƙarawa har sai da fitowar ta daina yi min nauyi. A sana'armu mun san faci ba ya zama a kan yadin da ya ruɓe. Sai ka nemo inda ƙyallen yake da ƙwari ka kama ɗinkin daga can. Abin da Baba ya yi kenan. Ya duba rayuwata ya ga inda ba ya yagewa, ya ɗinka sabon abu a jikinsa.

Akwai ƙananan abubuwa da suka riƙe tafiyar nan waɗanda mai kallo ba zai ba su muhimmanci ba. Takalmin kambas yana kwana a zaure cikin leda, tare da safa, kusa da buta. Ba na neman komai da duhu. Azkar ɗin safe da na saba yi a zaune na mayar da shi kan hanya, saboda haka tafiyar ba ta ƙwace min wani lokaci ba, ta shiga cikin wanda yake nan. Sannan akwai mutum a bakin masallaci yana jirana. Kunyar dattijo ta fitar da ni a safiyoyin da tausayin kaina ba zai fitar da ni ba.

Da sannu hanya ta ƙaru. Mukan fita ta Ƙofar Na'isa mu bi titin BUK, mu wuce Gadon Ƙaya, wata rana har Ƙofar Famfo, ranar da babu aiki da yawa mu dangana da Kabuga. A wannan lokacin gari na mutum ne: masu ƙosai suna hura wuta, almajirai na karatu, 'yan adaidaita sahu ba su cika titi ba tukuna. Baba yakan nuna ragowar badala ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara gina ta kusan shekara 900 da suka wuce, ya kuma nuna inda aka yanka ta aka yi gini. Ransa yakan ɓaci, nawa ma haka. An haife ni a garin nan amma sai da ciwo ya sauke ni daga abin hawa na ga yadda muke cinye tarihinmu. Bayan wani lokaci wani mai facin taya ya biyo mu, sai wani ma'aikacin banki, sai ladan da kansa. Ba mu kafa ƙungiya ba, ba mu sa mata suna ba. In wani bai fito ba sai a ƙwanƙwasa masa ƙofa a tambayi lafiya.

Da na koma asibiti likita ya yi min bayanin abin da tafiyar ke yi. Ya ce naman jiki idan yana aiki yana zuƙe suga daga cikin jini, kuma bayan an gama, jiki yakan fi jin maganar sinadarin insulin, mai daidaita suga a jini, na kwana ɗaya zuwa biyu. Daga nan amfanin ya fara gushewa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 a mako na motsi matsakaici, kuma ake son mai suga kada ya wuce kwana biyu a jere bai motsa ba. Wato gudun ranar Asabar kaɗai, komai tsananinsa, bai kai tafiyar rabin awa ta yau da kullum ba. Na ji daɗin wannan bayani, domin ya nuna min maganar Baba da ta likita hanya ɗaya suka bi.

'Yata ta fari, wadda take jami'a a lokacin, ta ƙara min wani abu. Na ce mata na ji ana cewa kwana 21 ya isa abu ya zama ɗabi'a, ni kuwa na wuce nan har yanzu ina jan jiki. Ta ce, "Abba, wannan lissafin ba shi da tushe mai ƙarfi." Ta karanto min wani bincike da aka yi a Landan aka fitar a 2009, inda aka bi mutum 96 kowa da sabon abin da yake son sabawa da shi. Matsakaicin lokacin da abin ya ɗauka kafin ya zama jiki kwana 66 ne, amma wani kwana 18 ya ishe shi, wani kuwa lissafinsa ya kai 254. Abin da ya fi kwantar min da hankali shi ne sun ga tsallake rana ɗaya ba ya rushe ginin. Ni dai na gane abin ya kama ne ranar da aka kwana ana ruwa, ban fita ba, sai na wuni ina jin kamar na bar wani abu a hanya.

Abinci ya fi tafiya wuya, don tafiya ƙafata ce ni kaɗai, tukunya kuwa ta gida ce. A nan ma hanyar Baba muka bi, abu ɗaya a lokaci ɗaya. Sugan shayi na riƙa rage cokali guda, in zauna a haka har harshe ya daina ƙorafi, sannan in sake ragewa. Yau shayi mai suga ba ya shiga bakina, ba don jarumta ba, zaƙin ne yake hawa min kai. Lemon kwalba shi ne babban abokin gaba a shago, domin babbar roba ɗaya tana ɗauke da suga sama da cokalin shayi goma, kuma ba ta ƙosar da kowa. Hana kai kawai bai isa ba, sai da na sa wani abu a gurbinsa: gorar ruwan sanyi a gefen keke, da zoɓo marar suga mai citta da kanumfari da Maman yara ke haɗa min. Hannu ya saba miƙawa wani wuri da ƙarfe biyu na rana, to ya miƙa ya samu wani abu.

Maman yara ta sayo min ƙaramin kwano. Wannan kwano ya yi aikin da wa'azi bai yi ba. Tuwo malmala ɗaya madaidaiciya, miya da yawa, kuka ko kuɓewa ko taushe, ga kwaɗon zogale ko rama a gefe. Wake ya yawaita a gidan, alale da ɗanwake da faten wake. Bari in tsaya a kan wata magana da ta yaɗu, cewa mai suga ya koma tuwon alkama ya ci iya cinsa. Na ga mutane da yawa sun faɗa wannan rami. Alkama ma hatsi ce, tana komawa suga a jini kamar 'yan'uwanta. Na gwada da na'urata ta auna suga bayan cin ta, na ga lamba da idona. Yawan abin da ke cikin kwanon shi ne magana, ko dawa ce ko acca ko alkama.

Gidan biki da gidan suna su ne jarrabawa. Za a ajiye maka shinkafa tuli da lemo biyu, in ka ja hannu a ce, "Haba Malam, ci mana, rai na Allah ne." Wani aboki ma cewa ya yi hali zanen dutse, zan gama yangata in dawo. Ba na musu da kowa, don na san ƙauna ce ke sa su. Nakan ci wani abu a gida kafin in fita, in na je in ɗauki nama da kayan lambu, in ɗebi shinkafa kaɗan, in yi wa amarya da ango addu'a. Rai na Allah ne, gaskiya ne, kuma jikin ma amanarsa ce.

Duba ƙafa kuwa na rataye shi a alwalar Isha. Ciwon nan yana kashe jijiyoyin ƙafa a hankali har mutum ya ji rauni bai sani ba, kamar bawan Allah na benci. Tunda dama zan wanke ƙafa, sai in zauna in duba tafi da tsakanin yatsu, in goge su bushe. Ba na yawo ba takalmi ko a tsakar gida, musamman a shago inda allura da fil ke faɗuwa.

Sai 2020 ta zo. A watan Afrilu aka kulle Kano saboda korona, aka rufe masallatai da kasuwanni, azumi kuma ya kama a cikin kullen. Duk abin da tafiyata ta jingina da shi ya tafi lokaci ɗaya: babu jam'i, babu titi, babu abokan tafiya. A cikin makonnin nan da dattawa suka yi ta rasuwa a Kano, Baba ma ya amsa kira. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Mutane kaɗan ne suka raka shi, mutumin da ya koyar da rabin unguwa karatu. Na yi kuka kamar mahaifina ne ya sake rasuwa.

Tun yana raye ya kafa min wata doka. Ya ce kowace ɗabi'a tana da ranar wadata da ranar tsanani, kuma tun ana lafiya ake yanke abin da za a yi ranar tsanani. Namu shi ne minti goma, ko a ina ne. Saboda haka na riƙa jan iyalina sallar Asuba a gida, ina sallamewa in sa kambas, in kama zirga-zirga daga zaure zuwa bakin madafa. Yara suka fara kallo, daga baya ƙananan suka biyo bayana, Maman yara ma ta shigo layi, ita da ba ta taɓa samun damar fita da mu ba. Masallaci ya rufe amma lokacin salla bai rufe ba, kuma ashe a jikin lokacin aka ɗinka abin. Da aka buɗe gari muka koma titi, ita kuma ta ci gaba da nata a tsakar gida tare da maƙwabciyarta har yau.

Azumi yana da nasa tsarin. Kafin watan ya kama nakan je likita ya gyara min lokutan magani. Shi ya gaya min idan na auna na ga ƙasa da 70 ko sama da 300 in karya, kuma malaminmu ya tabbatar min huda yatsa don gwaji ba ya ɓata azumi, marar lafiya kuma Allah da kansa ya yi masa rangwame. Tafiyar takan koma bayan sallar asham. Buɗa baki dabino ɗaya ko biyu da ruwa, kunun tsamiya ƙaramin kofi ba suga, sahur kuma a jinkirta shi. Ba kowane mai suga ne azumi ya dace da shi ba, wannan hukuncin na likitan mutum ne. Goman ƙarshe, lokacin da ɗinkin Sallah ke kai wa wuya, na daina karɓar kaya da wuri. Na rasa wasu masu kawo aiki a kan haka, wasu sun yi fushi. Waɗanda suka tsaya sun san ranar da na ce su zo za su samu kayansu.

Da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 kuɗin adaidaita sahu ya tashi, mutane da yawa suka koma tafiyar ƙasa dole. Ni ta same ni a shirye. Sayen zare a Ƙofar Wambai da ƙafa nake zuwa in rana ba ta yi zafi ba. Kuɗin magani da na kayan gwaji ma sun tashi, kuma na san waɗanda suka ajiye ƙwaya saboda haka suka koma wurin masu lasifika a bakin kasuwa da ke rantsuwa za su warkar da suga a mako biyu. Ina roƙon duk mai karanta wannan kada ya ajiye maganinsa a kan rantsuwar wani. Ni ban warke ba. Ina shan metformin har yau. Gwajin nan na HbA1c, mai nuna matsakaicin sugan wata uku, ya sauko ƙasa da 7 kuma ya zauna a nan, ƙafafuna biyu suna nan, ina zura zare da tabarau.

Ciwon yana bin jini, don haka na matsa wa 'yan'uwana su je gwaji. An samu ƙanena da shi, bai taɓa jin komai a jikinsa ba. Shi maigadi ne, dare yake kwana a wurin aiki, bayan Asuba barci ne ke kansa. Da ya ce zai biyo mu na ce a'a, ba za ta ɗore ba. Muka zauna muka duba yininsa, muka ga La'asar ce ba ta kuɓuce masa, sai ya rataye tasa tafiyar a can, shi da wani maƙwabcinsa mai sayar da gawayi.

Abin da nake fama da shi yanzu barci ne. Likita ya ce ƙarancinsa yana hana suga daidaita, tela kuwa bawan wuta ne, in an kawo ta ƙarfe goma sha ɗaya na dare zuciya sai ta ce a tashi. Na sa ƙaramar sola da za ta ja keke biyu da rana, na kuma ba babban yaron shagona makulli. Yarjejeniyarmu ita ce da an kira Isha ya kashe fitila ya rufe, ko da rabin hannun riga ne a kan keke. Yakan tsaya a kaina ya ce, "Maigida, lokaci ya yi." Wani daren ina tashi nan take, wani daren sai ya maimaita. Babbar Sallah na tafe, za mu ga yadda tsarin zai ɗauki nauyinta.